Sawun da Ya Tsaya a Ƙofar Bonkano

Ihun Mintu ne ya tashi garin Darebangu ran nan. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laka, ina zaune ina jiran a dama mini fura sai na ji mace tana kururuwa daga wajen tafki, wai an shigo musu an ɗauke amanar mutane. Ni ne Hamani, ɗan saƙon maigari, kuma duk abin da ya faru a garin nan, daga haihuwa har faɗan kaji, ƙafata ce ke shan wahalarsa. Na bar furar na tafi.

Na tarar rabin gari ya riga ni. A bayan gidan Tinni, mijin Mintu, ga turke nan tsaye cikin ciyawa kore shar, babu tunkiya babu igiya. Ɗan tunkiyar yana kwance a gindin danga. Mintu tana ta nuna wa mutane turken kamar ba su da idanu. Shi kuwa Tinni yana zaune a kan turmin da aka kifar, kansa a ƙasa, hannunsa ɗaya cikin aljihun riga, duk wanda ya yi masa jaje sai ya gyaɗa kai kawai. Muka ce baƙin ciki ne ya ɗaure masa baki.

Tunkiyar ba tasa ba ce. Habbanaye ce daga Bonkano, yayan Mintu, irin aron da kakanninmu suka koya wurin Fulani: mai hali ya ba marar hali uwa, abin da ta haifa na mai kiwo ne, ita kuma daga baya ta koma gida. In ta mutu ba a biya. Sai dai ka yanko kunnen da ke ɗauke da shaidar mai ita, ka kai masa har ƙofar gidansa, ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya mayar da alheri, magana ta ƙare. Bara ma Bonkano ya ba Tinni wata, ta mutu da damina, Tinni ya kai kunne. Bonkano ya karɓa, ya kuma ba shi wannan. To amma Bonkano mutum ne da kyautarsa ke tafe da ganga. Sai da majalisar gindin gawo kaf ta ji cewa ya sake ba mijin ƙanwarsa tunkiya, a ga ko wannan za ta ga kaka.

Kafin rana ta ɗaga an riga an yanke hukunci. Pate ne, Bafulatanin da ke yi mana kiwon garken gari, don a Darebangu ko allura ce ta ɓace sai an waiwayi ruga. Wasu samari har sun fara neman sanduna. Maigari ya daka musu tsawa, ya ce da ni in kirawo Kimba.

Kimba tsohon mafarauci ne, kuma shi ne mai bin sawunmu. Taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka ban taɓa yi masa sallama ta mutunci ba kuma ba ranar zan fara ba. Na same shi yana gyaran fartanya, na ce bawana ya tashi ubangidansa na kira. Ya ce Hamani, wanda ke gudu da saƙon wani shi ne bawa, wanda ake aikowa a kira kuwa sunansa daban. Ya ɗauki sandarsa muka tafi.

Da ya ga yadda aka tattake wurin sai ya tsaya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da ɓarawon ya san irin taimakon da za a yi masa, da ya bar musu goro. Kowa ya ja da baya. Ya zagaya turken a hankali, ya tsuguna ya dubi kashin da ya taru a gindinsa, ya tona shi da tsinke. Ya je wurin ɗan tunkiyar ya shafa ƙarƙashin haɓarsa, ya ja fatar idonsa ƙasa ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya tambayi maƙwabta ko akwai wanda ya ji kukan tunkiya da asuba. Babu wanda ya ji. Wata tsohuwa ta ce ai ɓarayin yanzu da asiri suke tafe, suna ɗaure bakin dabba.

A bayan danga, inda ƙafar 'yan kallo ba ta kai ba, ya sami abin da yake nema. Sawun mutum ɗaya ne, da takalmin roba irin na kasuwar Baleyara wanda kusan kowane magidanci a garin yake da shi. Sawun ya nutse cikin laka sosai, kuma babu na kofato a gefensa. Kimba ya ce a wuya aka ɗauke ta. Muka bi shi ta cikin gero, jama'a na biye da mu duk da korar da yake yi musu, har muka fito kan marmara ta hanyar kasuwa, inda dutse ba ya riƙe sawu. Nan ya ɓace. Kimba ya yi ta zagaye bakin marmarar har ya sake tsintar takalmin a ɗaya gefen, amma yanzu bai nutse ba, mai shi ya sauke kayansa. Sawun bai nufi ruga ba. Cikin gari ya koma, ya bi ta bayan masallaci, ya miƙe sak har ƙofar zauren Bonkano.

Wallahi na ji lokacin da numfashin jama'a ya canza. Kowa ya san wanda ke kwana a zauren nan. Sumana ne, ɗan Bonkano na fari, wanda ya tafi Kwatano, can bakin teku, neman arziki ya dawo kafin shuka da 'yar jaka da tari, ba ko turmin atamfa na uwarsa. Tun dawowarsa ba ya shiga mutane. Nan take labari ya haɗu da kansa: ya ɗauki tunkiyar ubansa, ya miƙa wa abokin cin mushensa a hanyar kasuwa, ya dawo ya kwanta. Tsohuwar nan ta ce ai ta faɗa, asirin bakin teku ne. Waɗanda ɗazu suke neman sanduna don Pate su ne suka fi kowa rantsuwa cewa tun farko Sumana suke zargi.

Bonkano ya fito da babbar riga a kafaɗa. Da aka gaya masa inda sawu ya tsaya, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya kira ɗansa gaban mutane ya tambaye shi. Sumana ya ce bai ɗauka ba. Uban ya tambaye shi to sawun wa ne a ƙofarsa, yaron ya kafa ido a ƙasa. Sai Bonkano ya ɗaga murya yadda har matan cikin gida za su ji.

"Ka dawo mini hannu wofi na haɗiye. Yanzu ka mayar da ni uban ɓarawo? Bayan la'asar, a gaban maigari, in tunkiyar nan ba ta fito ba zan ɗaga hannu in sallama ka. Ba ni ba kai, duniya da lahira."

A wurinmu uba ba ya faɗin wannan ya janye. Wanda aka yi wa ba a ba shi mata, ba a cin abinci kwano ɗaya da shi, kuma ba ya tsayawa a kan gawar ubansa. Na dubi Kimba, na ga ko kallon Bonkano ba ya yi. Yana tsugune a bakin zauren, ya kafa sandarsa a gaban sawun don kada a taka.

Da jama'a suka watse muka shiga wurin Sumana. Yana zaune a kan tabarmarsa, wadda ke fuskantar ƙofa. Kimba ya gaishe shi kamar babu abin da ya faru, ya tambayi tarinsa, sannan ya tambaye shi ko yana barci da asuba. Ya ce tari ba ya barinsa barcin asuba. Kimba ya ce ashe ke nan duk wanda ya zo ƙofar nan zai gan shi.

"Baba Kimba, na ce ban ɗauka ba. Abin da zan iya faɗa ke nan."

Na fusata. Na ce da shi kai wane irin yaro ne, ana shirin raba ka da albarkar ubanka kana yi wa mutane rowar magana? Ya ɗago ya dube ni, ya sake sunkuyar da kai. Da muka fito na ce wa Kimba wannan ai ya gama amsa laifinsa. Kimba ya ce shi ya sa maigari ke aike na da saƙo ba ya aike na da shari'a.

Daga nan muka hau tudu wurin Pate. Labarin sandunan ya riga mu isa, don haka gaisuwarsa ta zo a sanyaye, kuma ni dai ban iya haɗa ido da shi ba. Duk da haka ya sa aka kawo mana nono. Kimba ya tambaye shi yaushe rabonsa da tunkiyar. Pate ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ai bai taɓa kiwonta ba ko na yini ɗaya. Tinni ya hana ta shiga garke. Ya ce amanar mutane ba ta shiga daji, kada kura ko ɓarawo su ja masa abin kunya. A bayan gida ya ɗaure ta, inda ciyawa ta fi ko'ina kyau, kuma kullum da sassafe sai ya ƙaro mata wata daga bakin tafki da raɓarta.

Pate ya ce tun bara ya gaya masa wurin nan ne ya kashe ta farko. Dabbar da ke cin ciyawa inda take kashi, a ƙasa mai damshi, tsutsa take mayarwa cikinta kullum. Ƙwan tsutsar yana fita da kashi, ya ƙyanƙyashe cikin danshi, ya hau ganyen ciyawa da raɓa yana jiran baki. Shi ya sa shi ba ya sakin garke sai rana ta shanye raɓa, ba ya kuma barin su su daɗe a makwanci ɗaya da damina. Ya ce ya ba Tinni shawara ya cire turken ya kai tudu, ya riƙa share kashin, ya nemi ƙwayar tsutsa wurin likitan dabbobi tun farkon ruwa, ko dai ya jiƙa mata ɓawon maɗaci kafin ya samu. Tinni ya yi godiya ya tafi. Amma ina, mutumin da ke ganin ciyawa kore a bayan gidansa ba zai yarda cewa ita ce cutar ba.

Kimba ya tambaye shi yadda ake gane wadda tsutsa ta ci. Pate ya ce gashinta zai tashi, ta rame tana ci, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa, in ka ja fatar idonta ka ga fari maimakon ja, don sun shanye jinin. In ta kai nan, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Kimba ya ajiye ƙwaryar nono ya ce haka ya ga idon ɗanta da safe. Pate ya miƙe tsaye, ya ce in haka ne a kawo masa shi yau, gobe ta yi nisa.

Mintu muka samu ita kaɗai tana tsince zogale, Tinni wai ya tafi gona. Idanunta sun kumbura, don Sumana ɗan wanta ne, a bayanta ya girma. Kimba ya tambaye ta lafiyar tunkiyar kafin ta ɓata. Ta ce lafiyarta lau, ƙiba ma take yi. Kimba ya ɗauko ɗan tunkiyar ya ajiye a gabanta, ya ja fatar idonsa. Ta kau da kai. Can ta ce, to, ta ɗan rame. Da aka jima ta ce ta yi kwanaki ba ta tashi sosai, kuma Tinni ya ƙara tsayin danga don kada masu wucewa su gani su kai wa Yaya labari. Ta ce mutumin nan ko dusar da za a yi musu tuwo da ita sai ya kai wa tunkiyar, wa zai ce bai kula da ita ba? Kimba ya tambaye ta inda Tinni yake lokacin da ta fito ta ga turke babu komai. Ta ce ya fita sallar asuba, yana dawowa ya tarar tana ihu mutane sun cika gida.

Da muka fito, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kimba ya dube shi ya ce mu yi sauri, in ruwan nan ya sauko ya tafi da shaidarsa. Muka koma marmara. Wannan karon bai nemi sawu ba, sama ya riƙa dubawa da gefen hanya, har ya hango ungulu biyu a kan wata bishiya can bakin kwazazzabo. Muka gangara. A ƙasan kwazazzabon ga rassan farar ƙaya an sare su ɗanyu an jera a kan sabuwar ƙasa, an danne da duwatsu.

Muka janye ƙayar muka tona da hannu da sanda. Ba ta yi zurfi ba. Tunkiyar Bonkano ce, fara mai baƙin wuya, ƙasusuwan haƙarƙarinta duk a waje, haɓarta a kumbure. Ba a yanka ta ba, mushe ce. An naɗe igiyarta da kyau an ajiye a gefenta. Kimba ya zaro wuƙa ya farka cikinta, ya buɗe tumbin ya nuna mini: tsutsotsi ne sirara jajaye kamar zaren ɗinki, sun yi dafifi suna motsi. Sannan ya juya kanta. Kunnen dama, mai tsaga biyu ta gidan Bonkano, babu shi. An yanke shi daga tushe, yanka ɗaya mai tsabta.

Na ce ai ɓarayi na yanke kunne don ɓatar da shaida.

"Ɓarawo na yanke kunne ya jefar, ya tafi da tunkiya," in ji Kimba. "Wannan ya binne tunkiya ya tafi da kunne. Wa ke yin haka, Hamani?"

Na zauna a bakin ramin. Hannun nan da na gani cikin aljihu tun safe ya dawo mini. Tinni fa, mutumin da tun muna yara ba a taɓa jin ya ɗauki ko tsinken wani ba. Kunya ta rufe ni kamar ni na yi, kuma na rasa ko tasa nake ji ko tamu.

Na ce to yanzu sai mu je mu faɗa. Kimba ya ce in ya kira sunansa a gaban jama'a, Tinni ba zai sake kwana a Darebangu ba, in kuma ya yi shiru an tsine wa yaro a banza. Ya ce ana cewa in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, to yau shi mabi sawun ne ke neman wanda zai bi tasa. Muka mayar da ƙasa muka rufe ta, muka mayar da ƙayar yadda mai ita ya jera.

Bayan la'asar aka taru a ƙofar maigari. Bonkano yana zaune a gaba, Sumana a tsaye gefe shi kaɗai, babu wanda ya matsa kusa da shi. Maigari ya sa na kira Pate, ya zo ya tsaya nesa da sandarsa a wuya. Mata suna leƙe ta bayan danga, Mintu a cikinsu. Tinni ne ya zo ƙarshe, ya zauna a bayan mutane, hannunsa na nan inda yake.

Maigari ya ce Kimba ya faɗi abin da ya gani. Kimba ya ce shi ba zai kira sunan kowa ba, abin da ƙasa ta gaya masa kawai zai maimaita. Ya ce tunkiyar ba a sace ta ba, mutuwa ta yi a turkenta kafin gari ya waye, tsutsar ciki ce ta shanye ta, kuma tana kwance a kwazazzabo ga duk mai son ya je ya tona. Wurin ya ɗauki hayaniya, maigari ya tsawatar. Kimba ya ci gaba, ya ce wanda ya ɗauke ta bai yi tafiyar ɓarawo ba, a hankali ya tafi kamar mai ɗauke da marar lafiya. Ya binne ta don kada a ga ramarta a ce da yunwa ya bar ta, ya rufe ta da ƙaya don kada karnuka su taɓa ta. Sannan ya yi abin da al'ada ta ce, ya yanki kunne ya nufi gidan mai ita.

"Kun ga sawu ya kai ƙofar Bonkano, kuka ce ya shiga. Bai shiga ba. Ya tsaya har ƙasa ta lotsa a ƙarƙashinsa. Ya juya ya yi 'yan taku, ya dawo ya sake tsayawa. Yatsan takalminsa bai taɓa dokin ƙofa ba. Daga nan ya bi layin da garke ya tattake da safe. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ya koma ya zauna. Babu wanda ya waiwaya baya, amma kowa ya san inda bayan yake. Na ji tarin Sumana, na ji tsawa can nesa. Har na fara tunanin mutumin nan zai bar yaron ya ɗaukar masa laifinsa.

Sai Tinni ya tashi. Ya ratso mutane, ya durƙusa a gaban Bonkano, ya fito da hannunsa daga aljihu. Kunnen na naɗe cikin ganyen gero, ya fara bushewa.

"Yaya, ga shi. Na kawo tun da asuba, na kasa sallama. Na bara na kawo, aka yi ta zancensa har kasuwa. Na biyu ya fi ƙarfina. Na koma gida in sami ƙarfin zuciya, na tarar ana ihun ɓarawo, sai na ji sanyi a raina na yi shiru. Aka ce Pate, na yi shiru. Aka ce yaron nan, na yi shiru. Ba ni da abin cewa."

Daga bayan danga na ji Mintu ta fashe da kuka. Bonkano ya dubi kunnen, ya dubi Tinni, sannan ya juya ga ɗansa, kuma da yake bai saba da rashin gaskiya a gefensa ba sai ya nemi inda zai sauke ta. Ya ce kai kuma da ka gan shi, me ya hana ka buɗe baki, ka bar ni ina neman tsine maka a gaban duniya?

Sumana ya amsa ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Baba, na gan shi yana tsaye yana juyawa. Ranar da na dawo daga Kwatano haka na tsaya a ƙofar nan, tun hantsi har azahar. Na san abin da ke riƙe ƙafar mutum a wurin. Ban iya tona shi ba."

Ban taɓa ganin Bonkano ya rasa magana ba sai ran nan. Ya miƙa hannu biyu ya karɓi kunnen yadda ake yi, ya buɗe baki don ya faɗi abin da ake faɗa, amma babu abin da ya fito. Tinni na durƙushe yana jira, don in ba a faɗa ba ba ya tashi. Sumana ne ya matso ya tsaya a bayan ubansa ya ce, "Allah ya mayar da alheri." Muka ce amin, kowa yana kallon ƙafarsa.

Ruwa ya sauko ya ba mu dalilin watsewa ba tare da mun dubi juna ba. Samarin sanduna suka sulale ta bayan masallaci. Maigari da kansa ya taka wurin Pate ya ba shi haƙuri, Pate ya ce ya ji, amma a ba shi ɗan tunkiyar tukuna, haƙuri zai iya jira shi kuwa ba zai iya ba. Ya saɓa shi a wuya ya hau tudu cikin ruwan.

Washegari maigari ya aike ni in gaya wa Tinni a cire turken nan, a kuma sanar da masu ɗaure dabbobi a bakin tafki su kai su tudu kafin mu tara kunnuwa. Na tarar an riga an cire shi, ramin ya cika da ruwa. A ƙofar gidan na sami Kimba tsugune yana kallon laka, na ce bawana ba ya gajiya da shinshinar ƙasa ne? Ya nuna mini da sanda. Sawun babban takalmin fata ne, wanda duk garin Bonkano kaɗai ke da irinsa, kuma tun da aka kai Mintu gidan nan takalmin bai taɓa zuwa ba, sai dai a je masa.

Na tambaye shi me ƙasa ta ce.

Ya ce shi ma ya daɗe a tsaye, ya juya har sau biyu. Amma ya shiga.